Kyamara Ce ta Ƙarshe a Lissafin Mai Nutso

Ƙannena, tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga wajenku ita ce: wace kyamara zan saya in ɗauki hoto a ƙarƙashin teku? Masu tambayar iri-iri ne. Akwai ɗalibin da karatu ya kai shi Alƙahira, ya ji abokansa suna shirin zuwa Dahab ko Hurgada lokacin hutu. Akwai mai aiki a Jidda, teku na bakin ƙofarsa. Akwai kuma mai ɗaukar bidiyon biki da ya gaji da amarya da ango, ya ga kifaye masu launi a wayarsa, ransa ya biya. Kusan dukansu Bahar Maliya suke hari, kuma sun iya zaɓe. Tekun da kakanninmu suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda a hanyar aikin Hajji yana cikin wuraren da masu nutso na duniya suka fi rububi, saboda ruwansa garau yake, a rana mai kyau ana hango abu daga nisan mita 20 zuwa 30. A gaɓar Port Sudan ne Hans Hass, mutumin Ostiriya, ya ɗauki fim ɗin da ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis a 1951. A can ne kuma, a Sha'ab Rumi, Jacques Cousteau na Faransa ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi kwana 30 a zurfin mita 10, fim ɗin da ya fito daga wannan aiki ya ci kyautar Oscar.

Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mai tambaya daɗi ba. Kyamara ce ta ƙarshe a lissafi. Kafin ita akwai iya nutso, akwai haske, akwai gidan da zai hana ruwa shiga. Wanda ya juya wannan jeri zai zubar da kuɗi ya dawo da hotuna shuɗaye dishi-dishi, in ma ya dawo da kyamarar da rai.

Mu fara da kai kanka. Yawancinmu mutanen tudu ne, da dama ko iyo ba mu iya ba, kuma babu abin kunya a ciki, abu ne da ake koya. Ƙungiyar PADI, wadda ta fi kowace yawan makarantun nutso a duniya, ba ta ba mutum takardar shaida ta farko sai ya yi iyo na mita 200, ya kuma iya zama a saman ruwa minti 10 bai riƙe komai ba. Takardar farko iyakarta mita 18, ta gaba mita 30, nutson nishaɗi kuwa gaba ɗayansa ba ya wuce mita 40. Kafin a sa maka tukunyar iska a baya za a miƙo maka takardar tambayoyin lafiya. Ina roƙonku don Allah kada ku ɓoye komai a kanta. Mai asma, mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya sai likitan da ya san harkar nutso ya duba su. Mai cutar sikila kuwa, wadda ta yi yawa a gidajenmu, likitocin nutso hana shi suke yi. Ban san hoton da ya kai a sayar da rai a kansa ba.

Ga abin da ke faruwa idan sabon mai nutso ya riƙe kyamara. Idonsa ya kafe a kan ɗan allon nan, ya manta da agogon da ke nuna masa sauran iskar tukunya, ya manta da zurfin da yake, ya manta da abokin nutsonsa. Kifi ya yi ƙasa, ya bi shi. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya a saman ƙasa, saboda haka a mita 30 mutum yana cinye iskar tukunyarsa ninki 4 na yadda zai ci a sama. Mafi haɗari shi ne ɗabi'ar da muka zo da ita daga tudu: mai ɗaukar hoto ya saba riƙe numfashi idan zai danna, don kada hannu ya yi rawa. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta sau 2 kafin ka iso sama. Ka riƙe ta a ƙirji, jikinka ya ɗaga sama ba ka ankara ba, huhu na iya yagewa. Kada a riƙe numfashi ita ce doka ta farko da malamin nutso zai karanta maka, kuma babu abin da ke saurin mantar da ita kamar kyamara a hannu.

Gwajin da nake ba ku mai sauƙi ne. Idan kana iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, hannuwanka a harɗe a ƙirji, ba ka nutsewa ba ka tasowa sai ɗan abin da numfashinka ya ɗaga ka ya sauke ka, to ka isa riƙe kyamara. Idan har yanzu kana fafutuka da hannuwa, ka bar ta a jirgi. Ba maganar tsira kaɗai ba ce. Wanda bai iya tsayuwa ba bidiyonsa rawa yake yi, takalman iyonsa suna tayar da yashi su ɓata ruwan gabansa, kifaye kuma su watse tun bai iso ba. Ƙwararren mai nutso da ƙaramar kyamara yana kayar da sabon shiga mai kayan miliyoyi, kullum. In kuwa ɗoki ya hana ka haƙuri, yawancin cibiyoyin nutso na Masar suna ba da hayar ƙananan kyamarori. Yi haya, ka ga abin da hannunka zai iya tukuna.

Yanzu sai haske, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan babu ɗan kasuwar da zai yi masa daɗin baki. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, yana kuma cinye haske, amma ba ya cinye launuka lokaci guda. Ja ne ke fara tafiya, a wajen mita 5 ya dushe. Ruwan lemo ya bi shi a wajen mita 10, rawaya a wajen mita 20, sannan kore, a bar shuɗi shi kaɗai. Mai nutson da ya yanke a yatsa a zurfin mita 20 zai ga jininsa yana fita kore-kore mai duhu. Murjanin da kuke gani ja jawur a mujallu, idan kuka iske shi a wannan zurfi toka-toka ne, sai an haska shi da fitila launinsa yake dawowa. Idon mutum yana ɗan yaudarar kansa, ƙwaƙwalwa tana cike giɓin, amma kyamara abin da ya iso mata kawai take rubutawa.

Wannan matsala ta girmi kakanninku. Louis Boutan, masanin halittun ruwa a kudancin Faransa, ya fara ɗaukar hotuna a ƙarƙashin teku a 1893, ƙarancin haske yana sa shi barin idon kyamara a buɗe har minti 30 don hoto ɗaya. A 1926 William Longley da Charles Martin suka ɗauki hotuna masu launi na farko a tekun Fulorida ta Amurka, kuma sai da suka ɗora garin maganiziyam a kan wani abin shawagi a saman ruwa suka tayar da shi kamar nakiya, don walƙiyarsa ta haska musu kifin da ke ƙasa. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a 1927. Shekara kusan 100 ke nan, kyamarori sun sauya fiye da tunani, ruwa kuwa yana nan yadda suka bar shi.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ruwan da ke tsakaninka da kifi ma yana cin launi, ba na samanka kaɗai ba. Idan kifi yana nesa da kai mita 3, hasken fitilarka zai yi tafiyar mita 3 ya je, ya yi mita 3 ya dawo, mita 6 ke nan, ja ya riga ya mutu a hanya. Shi ya sa ko babbar fitilar walƙiya aikinta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Daga nan dokar sana'ar ta fito: matsa kusa, idan ka ga ka matsa, ƙara matsawa. Saboda haka duk abin da mai kanti yake yi maka talla da shi na janyo nesa kusa, a ruwa ba shi da amfani. Janyowa ba ta rage ruwan da ke tsakani, tana ƙara girman dishi-dishin ne kawai. Abin da kake nema shi ne idon kyamara mai faɗin gani, wanda zai bar ka ka zo dab da kunkurun teku, duk da haka ya shiga hoton gaba ɗayansa. Yawan megafiksel ma kada ya ruɗe ka.

Akwai kuma karkacewar haske. Ta cikin shimfiɗaɗɗen gilashi, irin na tabaran nutso, komai yana ƙara girma da kusan kashi 33 cikin 100, yana kuma matsowa kusa. Ga mai ɗaukar ƙananan halittu wannan riba ce. Ga mai son faɗi kuwa asara ce, domin gilashin yana tsuke ganin kyamara ya kuma ɓata gefen hoto. Maganinsa ƙoƙon gilashi ne da ake ɗaurawa a gaban gidan kyamara, wanda ke maido mata da faɗin ganinta. Yana da tsada, yana da saurin karcewa, kuma shi ne sirrin hotunan nan da kuke gani rabi sama rabi ruwa.

To, kafin ka taɓa aljihu, tambayi kanka: me nake so in ɗauka, kuma hoto ne ko bidiyo? Wanda burinsa Thistlegorm, jirgin Ingila da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoba na 1941 a arewacin Bahar Maliya, wanda har yau babura da motocin soja suke jere a cikinsa a zurfin kusan mita 30, yana buƙatar takardar shaida ta biyu, ido mai faɗi da fitilu masu ƙarfi, domin cikin jirgin duhu ne. Wanda kuwa ke son 'yan katantanwan nan marasa ƙwanso masu launi kamar an yi musu fenti, ko ɗan jatan landen da bai kai farce ba, kayansa daban ne. Babu saiti guda da ke yin duka biyun da kyau a nutso ɗaya. Ƙwararru tun a kan jirgi suke yanke shawara, idan sun sauka da saitin ƙanana sai kifin shak ya wuce, kallonsa kawai suke yi su yi tasbihi.

Waya ce farkon abin da ke zuwa ranku, na sani. Alamar IP68 da ke jikin kwalinta ba ta nutso ba ce. An gwada ta ne a ruwa marar gishiri, marar motsi, mafi yawa a zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30, wasu kamar iPhone na baya-bayan nan har mita 6. Gishiri yana cin ramin caji, allon taɓawa kuma ba ya jin yatsa a cikin ruwa. Jakar ledar nan ta araha da ake ratayawa a wuya ta bakin rairayi ce. Akwai gidaje na gaske na waya, irin su SportDiver na kamfanin SeaLife mai kaiwa mita 40, kuma suna aiki. Sai dai ka tuna abin da ke cikin wayar: lambobinka, manhajar bankinka, tikitin jirginka, kana ƙasar mutane. Ni ba na shiga teku da abin da idan ya jiƙe ba zan iya kiran gida ba.

Ga mai bidiyo, ƙaramar kyamara irin GoPro ko DJI Osmo Action ta isa mafari, har ta wuce. Idonta mai faɗi ne tun daga masana'anta, tana rage rawar hannu, ba ta cika hannu. Amma ku karanta adadin. GoPro tsirara iyakarta mita 10, sai an sa ta a gidanta take kaiwa mita 60. Osmo Action 4 tana kai mita 18 ba gida, wato daidai bakin iyakar takardar farko, babu rarar ko mita ɗaya. Shawarata a sa gida ko da nutson bai kai can ba. Kuma kada a ɗaura ta a goshi, kai ba ya zama wuri ɗaya, kumfan numfashi kuma yana bi ta gabanta. A ɗora ta a kan faranti mai mariƙi biyu. Wannan ɗan farantin ya fi sauya kyamara zuwa sabon samfuri gyara bidiyo. Rauninta guda ne babba: ba ta ganin abin da ya yi kusa sosai, kuma hotonta na tsaye bai taka kara ya karya ba.

Ga mai hoto, musamman mai son ƙananan halittu, ban ga abin da ya kai Olympus TG-6 ko magajiyarta OM System TG-7, wadda ta fito a 2023, dacewa da mai koyo ba. Tana ɗaukar abin da ke nesa da ita santimita 1. Ita kanta ba ta shan ruwa har mita 15, gidanta kuma yana kai ta mita 45. Ma'anar wannan ita ce, ranar da ruwa ya ɗan tsiyaya cikin gidan, kuma ranar tana zuwa wa kusan kowa, kyamarar za ta iya tsira. Sensarta ƙarama ce, a wuri mai duhu hotonta yana tsakuwa-tsakuwa, amma fitila tana rufe wannan aibi. Sama da ita akwai irin su Sony RX100 masu sensa babba, waɗanda dole sai da gida.

Manyan kyamarori masu sauya ido kuwa, ga gaskiyar da ba a faɗa muku a talla. Tun da Nikon ta daina ƙera Nikonos a 2001, kyamarar fim da ake shiga ruwa da ita tsirara tun 1963, kusan duk babbar kyamara sai an saya mata gida. Gidan na samfuri guda ne tak, domin kowane maɓalli an saita shi a kan na kyamarar. Ka sauya kyamara, ka sauya gida. Na roba mai ƙarfi irin na Ikelite yana kai mita 60, na alminiyam irin na Nauticam mita 100, kuma sau da yawa kuɗin gidan ya kai na kyamarar ko ya fi. Kowane ido kuma da nasa gilashin gaba. Ka haɗa da fitilu biyu da hannayensu, ka tara kayan da za su cika akwati guda su cinye maka kilon jirgi. Dukansu da dala ake sayensu, ku kuwa kun san yadda naira take. Mai ɗaukar biki da yake da babbar kyamara a hannu yakan ce ai gida kawai zai ƙara. Ina ce masa ya yi tunani: da wannan kyamara yake ci da iyalinsa.

Idan kuɗinka kashi uku ne, ka ba haske kashi biyu. Mai hoto fitilar walƙiya yake buƙata, irin na Inon ko Sea & Sea, wadda siririyar wayar haske ke haɗa ta da filashar kyamara. Ko guda ɗaya ce, bambancinta da babu kamar dare da rana ne. Mai bidiyo kuwa fitila mai ci ba ƙyaftawa yake so, kuma kada ya tsaya ga yawan lumen da aka rubuta a kwali. Ya duba faɗin hasken, ya kai digiri 100 ko fiye, ya bazu sumul babu farin tabo a tsakiya. Tocilar nutso ta yau da kullum tsinin haske gare ta, tana ƙona tsakiyar hoto ta bar gefe baƙi.

Inda fitila take zaune ya fi ƙarfinta muhimmanci. Ruwan teku, komai tsabtarsa, cike yake da ɓurɓushin yashi da ƙananan halittu. Idan fitila tana dab da idon kyamara, kamar filashar da ke jikinta, su za ta fara haskawa, hoton ya fito da farin ɗigo-ɗigo ko'ina. Duk wanda ya taɓa tuƙi da daddare cikin ƙurar hunturu ya kunna babbar fitila ya san wannan: ƙurar yake gani, hanya ta ɓace. Shi ya sa ake ɗora fitilu a kan dogayen hannaye masu gaɓoɓi, a buɗa su gefe da gefe, a ɗan karkatar da su waje, ta yadda gefen hasken ne kawai zai taɓa kifin, ruwan da ke gaban kyamara ya zauna a duhu. Kada ku yi rowar kuɗin hannayen nan.

Wanda bai kai ga fitila ba tukuna, jan gilashin da ake mannawa a gaban ido yana taimakawa a ruwa shuɗi da rana tsaka, daga wajen mita 5 zuwa 20. A ruwa kore mai ruwan hoda ake sawa. Ba ya ƙirƙiro jan da ya riga ya ɓace, rage shuɗi kawai yake yi, kuma ba a haɗa shi da fitila, komai zai koma ja. Kyamarar da ke barin ka daidaita fari da hannunka, ka nuna mata farin allo ko yashi duk lokacin da zurfi ya sauya, ko mai adana hoto ɗanye don a gyara launi a kwamfuta, ta fi mai yawan megafiksel daraja nesa ba kusa ba.

Sai zoben roba. Duk dukiyar nan da muka lissafa, abin da ke tsakaninta da teku wani siririn zobe ne da ke kwance a kwarmin ƙofar gida. Ka zauna ka kalli yadda tsohon hannu yake shirya shi da daddare, a ɗaki mai haske, ba a kan jirgi ana sauri ba. Yakan matse zoben da yatsu biyu har ya ɗan tasa, ya zare shi, ba ya sa wuƙa ko allura. Ya goge kwarmin da ƙyallen da ba ya zubar da zare. Ya ja zoben tsakanin babban yatsa da manuni a hankali, ido a rufe ma, domin yatsa yana jin tsagar da ido bai gani ba. Ya ɗebo giris ɗan mitsitsi, wanda masu gidan suka ce a yi amfani da shi ba wani ba, ya shafa har zoben ya yi sheƙi kawai. Giris ba ya tare ruwa, santsi yake ba zoben ya zauna daidai, idan ya yi yawa ma yashi yake kwasowa. Sannan ya ɗaga ƙofar zuwa fitila ya bi da'irar da kallo. Abin da yake nema silin gashi ɗaya ne, ko ƙwayar yashi ɗaya. Gashin gemu guda da ya gitta zoben ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, ruwan gishiri kuwa da ya haɗu da batir, zance ya ƙare.

Saboda haka idan za ku sayi gida, ku fifita mai famfon zuƙe iska. Ana rufewa, a zuƙe iskar ciki, ɗan haske ya koma kore. Idan ya zauna kore na wani lokaci, rufin ya kama. Sabon gida kuma a fara sauka da shi babu kyamara, a cusa masa takardar goge hannu, a dawo a duba. A jefa ƙunshin tsakuwoyin nan masu shan laima, irin na cikin kwalin sabon takalmi, don kada gilashi ya yi gumi daga ciki. Zafin jirgi a Bahar Maliya da sanyin ruwan ƙasa suna haɗa wannan cikin minti kaɗan, musamman idan an bar kyamara a rana. Ba a tsalle cikin ruwa da kyamara a hannu, a shiga tukuna a miƙo ta. Bayan fitowa a jiƙa ta a ruwan daɗi, a danna kowane maɓalli a ciki. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne, idan ya bushe a maɓalli ƙanƙara yake zama ya yanka ƙananan zobban da ke ciki.

Kayan hannu ba laifi ba ne, masu wannan sana'a suna yawan sauya kaya, ana samun rahusa ta gaske. Kyamara da hannayen fitila a saya na hannu ba fargaba. Gida da fitila kuwa sai an bincika: a buɗe ramin batir a nemi kore ko farin tsatsa, a duba gilashi a rana, a tambaya ko har yanzu ana samun zobbansa a kasuwa. Gidan da ba shi da suna, wanda kuɗinsa bai kai na kati ba, araha ba ta ado. Kuma ku sayi zobba, giris da batir na ajiya tun a inda kuka sayi kayan, domin ba abin da za ku shiga kasuwar waya a Kano ko Yamai ku samu ba ne.

Wani zai ce ai ga Tiga, ga Kainji, ga kogin Argungu, me zai sa sai Masar? Ruwayenmu na laka ne, sau da yawa mutum ba ya ganin tafin hannunsa, babbar fitila kuma ƙara dagula hoton take yi. Ga raga da kututture a ƙasa, ga tsargiya. Mai son aiki a nan ya tsaya a sama, da ƙaramar kyamara mai faɗin ido dab da masunta da gorunansu. Akwai hotuna a wurin da har yanzu ba a ɗauka ba. Gwajin kaya da koyon maɓallai kuwa, kwamin wanka ya wadatar.

Maganar murjani ba zan sassauta ta ba. Dabba ce mai rai, ba dutse ba, kuma manyan dunƙulallun nan girmansu bai wuce kusan santimita 1 a shekara ba. Abin da takalmin iyo ya ɓalle cikin daƙiƙa ya girmi mai takalmin. Masu kyamara sun fi sauran masu nutso ɓarna, domin su ne ke dafawa don hannu ya tsaya, su ne ke zungurar dabba ta juyo. A Ras Muhammad, wanda Masar ta mai da gandun kiyayewa tun 1983, doka ta hana taɓawa da ɗauka. Ko babu doka, tekun yana da nasa dogarai: murjanin wuta mai ƙuna, da kifin dutse mai dafi wanda ba a bambanta shi da dutsen da za ka dafa. Idan hoto ba zai samu ba sai an taɓa, a bar shi. Haka zurfi. Ramin nan na Blue Hole a Dahab ya ci rayuka da dama, yawanci na masu neman ratsa wata ƙofar dutse da ke can wajen mita 55, zurfin da ya zarce iyakar nutson nishaɗi. Don an rubuta mita 60 a jikin gidan kyamararka, ba da kai ake ba.

Ranar tafiya, batiran litiyam a jakar hannu suke shiga jirgi, ba a akwatin da za a jefa ƙasa ba, kuma wanda ya haura wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Batiran manyan fitilun bidiyo sukan kusanci wannan iyaka, a karanta jikinsu. A cire zoben ƙofa, ko a bar gidan a ɗan buɗe, don sauyin matsin iska a sama kada ya manne shi. Jikinku ma yana da nasa lissafin. Bayan nutso ɗaya ana jira aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere aƙalla awa 18, saboda naitirojin da ya taru a jini ya samu ya fita. Ku duba ranar tikitinku ku cire wannan tun kafin ku biya kuɗin nutson ƙarshe.